Irin alkamar da muke shukawa a Jazira, na wane ne?

Wani ɗalibin aikin gona, ɗan Hausawan Managil ta yankin Jazira a Sudan, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, duk irin alkamar da aka kawo mana, in ka bi salsalarsa sai a ce daga Meksiko ya fito ko daga Siriya. Yaushe masanan ƙasashe suka fara wannan cuɗanya? Mu a Sudan karɓa kawai muke yi? Mahaifina yana da hawasha, wato gonar ban-ruwa, kuma shi a ganinsa dabara ce ta ɗaure manomi ya yi ta sayen iri har abada."

Ɗana, ka gaishe mini da Baba da kyau. Zarginsa yana da tushe, sai dai igiyar da yake tsoro ba a jikin irin alkama take ba, kuma zan nuna maka inda take. Amma bari mu fara da alkamar kanta, domin ita ce ta tilasta wa masana haɗa kai tun ba su shirya ba.

A 1918 wani Bajapane, Tetsu Sakamura, ya ƙirga kuromosom na alkama, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin kowace ƙwayar halitta. Ya tarar alkama kashi uku ce: mai 14, mai 28 wadda ake taliya da ita, da mai 42, wadda ita ce ta burodi da gurasa. Hitoshi Kihara ya gaji aikin, ya shafe shekaru yana aurar da wannan da wancan, har ya gano cewa alkamar burodi gidan gandu ce mai sassa uku: tsiro uku daban ne suka haɗu suka zauna a ƙwaya guda, kowanne da nasa kuromosom 14. Ana kiran sassan A da B da D. Sashen D ɗin daga wata ciyawar daji ya zo, Aegilops tauschii, wadda ke fitowa daga kudancin Tekun Kasfiyan har zuwa yammacin Sin. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne shekarar da aka tabbatar da haka, 1944. Kihara ya gano shi a Kyoto, McFadden da Ernest Sears suka gano shi a Amurka, alhali ƙasashen biyu suna ta ruwan bama-bamai a kan juna, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke ciki.

To ka ga matsalar. Kakannin alkama suna Iran da Turkiyya da Iraƙi da Siriya, masu na'urar hango ƙananan halittu suna Japan da Turai da Amurka, cutar da ke cin ta kuma iska ce ke kai ta ko'ina. Wanda ya fara ɗaukar wannan da gaske shi ne Nikolai Vavilov na Rasha. Ya zaga ƙasashe fiye da hamsin yana tara iri, ya shiga Habasha da Eritriya a 1927 ya kwashi alkama da sha'ir, ya tara samfura sama da dubu 200 a Leningirad. Sakayyarsa ita ce kamu a 1940, da mutuwa da yunwa a kurkukun Saratov a 1943, saboda masu mulkin lokacin sun karkata ga Lysenko wanda ya ƙaryata ilimin gado. A wannan lokacin ne kuma, da Jamusawa suka yi wa Leningirad ƙawanya, wasu ma'aikatan cibiyarsa suka mutu da yunwa a tsakiyar buhunan irin da suke gadi, ba su taɓa ba.

Sears ya yi wani aiki da nake so kowane ɗalibi irinka ya sani. Ya ɗauki wata alkama 'yar asalin Sichuwan mai suna Chinese Spring, wadda ba manomin da zai so ta don ba ta da wani amfanin gona na kirki, ya fitar da layuka daga cikinta, kowane layi ya rasa kuromosom ɗaya daga cikin tagwaye 21. Da wannan, in kana so ka san inda ƙwayar gadon jure cutar tsatsa ko ta tsawon kara take zaune, sai ka aurar da irinka da layukan ɗaya bayan ɗaya ka ga inda lissafi ya karkace. Ya wallafa aikin a 1954, kuma duk wanda ya rubuto masa wasiƙa sai ya ƙulla masa iri a ambulan ya aika, ba kuɗi. Ta haka duniya ta samu ma'auni guda. A shekarar ce Kihara ya fara fitar da wata 'yar mujalla ta musayar labarin alkama, sannan a 1958 aka yi taron farko na masana gadon alkama na duniya a Winnipeg ta Kanada. Daga nan aka riƙa yinsa duk shekara biyar, yana zagawa: Lund, Kanbera, Missouri, Niyu Delhi, Kyoto, Kambirij, Beijin. A irin waɗannan tarurruka aka daidaita lambar kowane kuromosom da sunayen ƙwayoyin gado, shi ya sa in ka ce Sr31, sunan wata ƙwayar gado mai kare tsatsa, a Wad Madani, mutumin Ostareliya ya san abin da kake nufi.

Wannan ɓangaren masu ɗakin bincike ke nan. Wanda ya taɓa hawashar Baba kai tsaye labarin gajeriyar alkama ne, kuma ya kamata ka bi sawunsa a hankali. Alkamar zamanin da doguwa ce. In ka ba ta taki da ruwa sosai sai zangarniya ta yi nauyi, iska ta kaɗa, ta kwanta a ƙasa, an yi asara. Manoman Japan suna da wata gajeriya mai suna Daruma. Masanansu suka aurar da ita da irin Amurka biyu, Fultz da Turkey Red, wanda shi kuma baƙi ne suka kai shi Kansas daga kudancin daular Rasha. A 1935 Gonjiro Inazuka ya fitar da Norin 10 daga wannan haɗi. Bayan yaƙi, a 1946, wani jami'in aikin gona na Amurka, S. C. Salmon, ya gan ta a Japan ya aika da ita gida. Orville Vogel na jihar Washinton ya aurar da ita da wata alkamar Amurka mai suna Brevor, a 1953 kuma ya aika wa masanin Amurka Norman Borlaug 'yan ƙwayoyi a Meksiko. Ƙirga ƙasashen da kanka kafin a ce maka irin "na Meksiko" ne.

Borlaug ya je Meksiko a 1944 ƙarƙashin shirin gwamnatin ƙasar da Gidauniyar Rockefeller, don yaƙi da tsatsa. Gaggawa ta sa ya riƙa shuka sau biyu a shekara: da damina a tudun Toluca mai sanyi, da hunturu a kwarin Yaqui na Sonora, ƙasar ban-ruwa mai zafi kusa da teku. Masanan lokacin sun ɗauki haka ganganci, don a iliminsu iri a inda za a noma shi ake zaɓensa. Sai ga shi abin da ya tsira a wuraren biyu ya fito bai damu da tsawon yini ba, yana fure a kan lokacinsa ko a ina aka kai shi. Wannan siffa ita ce ta ba mu damar noman alkama mai yawa a Jazira, inda sanyinmu gajere ne kuma yininmu ba ya tsawo irin na Turai. A 1962 aka saki gajerun farko, Pitic 62 da Penjamo 62. Indiya ta sayi tan dubu 18 na iri a 1966, Pakistan ta sayi tan dubu 42 a 1967, alkamar Indiya ta tashi daga kusan tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug kyautar Nobel. Aure guda, mai lamba 8156, shi ya haifi Mexipak a Pakistan, Kalyansona a Indiya, da Siete Cerros da 'yan'uwanmu suka daɗe suna nomawa a Kadawa ta Kano.

Ni a ganina abin da ya fi gajeriyar alkama muhimmanci shi ne tsarin da aka gina a kanta. Da wani jinsin tsatsa mai suna 15B ya ɓulla a Arewacin Amurka a 1950, ya cinye mafi yawan alkamar taliyarsu a 1953 da 1954, sai suka fara aika layuka iri ɗaya zuwa ƙasashe da yawa, kowa ya shuka ya rubuto abin da ya gani. Cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da aka kafa a Meksiko a 1966, da ICARDA mai binciken noman busassun ƙasashe da aka kafa a Halab ta Siriya a 1977, suka mayar da wannan aikin kowace shekara. Akwati yakan iso da ɗaruruwan 'yan ambulan, ka shuka kowanne a layinsa, ka rubuta ranar fure da tsawo da nauyin ƙwaya da cuta, ka mayar musu da takardar, abin da ya yi maka kuma ka riƙe. Ba a biyan ko sisi. Haka Hukumar Binciken Noma tamu, wadda kowa ke kira Buhus, ta samu mafi yawan abin da ta sake: Condor ta biyo ta Ostareliya, Debeira ta Indiya, Imam kuma layin CIMMYT ne mai suna Attila, wanda Indiyawa suka sake da sunan PBW 343, Habashawa da sunan Kubsa.

Yanzu ga tambayarka, ko karɓa kawai muke yi. A'a. A fagen alkama abin da muke bayarwa zafi ne, kuma ba wasa nake ba. Alkama 'yar sanyi ce. A da can arewa ake nomanta, wajen Dongola, kafin a shigo da ita Sabuwar Halfa da Jazira. Wad Madani tana cikin wurare mafi zafi da ake noman alkama a duniya: lokacin bai fi kwana ɗari da 'yan kai ba, zafi a farko, zafi kuma lokacin da ƙwaya ke cika a Fabrairu. Layin da ya yi kyau a nan, an san zai iya tsayawa a wurare da yawa da ɗumamar yanayi ke tunkara. Saboda haka bayanan da masananmu suka yi shekaru suna rubutawa a Madani da Hudaiba da Dongola suna cikin abin da manyan cibiyoyi ke dubawa wajen zaɓen iyayen sabon aure. Ta shirin alkama na Bankin Raya Afirka tare da ICARDA kuma, ƙwarewar Sudan kan jure zafi ta isa Najeriya, inda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ke kula da alkama. Jami'ar Tottori ta Japan ma ta zo neman zafinmu. Masananta sun koma wa ciyawar nan ta Kihara, suka ɗauko alkamar da aka sake ƙerawa ta hanyar aurar da alkamar taliya da nau'o'in ciyawar da dama, suka haɗa da alkamar Japan mai suna Norin 61, suka kawo zuriyar gonakin Buhus don a tace masu juriya. Hujjarsu mai ƙarfi ce: auren farko na sashen D ya faru ne da tsiro kaɗan shekaru dubbai da suka wuce, saboda haka mafi yawan alherin da ke cikin ciyawar bai taɓa shiga alkama ba.

A fagen dawa kuwa mu ne masu gida. Feterita da Hijeri daga Sudan aka kai su Amurka a farkon ƙarni na 20, suka zauna a busassun gonakin Texas da Kansas. A 1909 aka aika musu da irin wata ciyawar dabbobi daga Khartoum, har yau da sunan ƙasarmu suke kiranta. Ƙaurar ƙasar Hausa ma an ɗauke ta daga Najeriya a farkon shekarun 1950 saboda ƙwayarta mai ruwan ɗorawa, ta shiga cikin iyayen dawarsu ta zamani. Sannan abin ya zagayo: Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya yi karatu a Jami'ar Purdue, yana aiki wa cibiyar ICRISAT ta Indiya amma zaune a Wad Madani tare da masananmu, ya fitar da Hajin Dura 1 a 1983, dawa mai aure ta farko da aka sayar wa manoma a Sudan. Uwarta daga Texas ta zo. Daga baya ya koma kan ƙuduji, wanda maƙwabtanmu ke kira buda, aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009. In ka tambaye ni ko an biya manoman da kakanninsu suka zaɓi Feterita da Ƙaura, amsar ita ce ba a biya ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ce ta haifar da rigimar mallakar iri da ta kai ga yarjejeniyar duniya ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004. Ta buɗe musayar amfanin gona 64, har da alkama da dawa, da sharaɗin wanda ya ci riba ya zuba wani abu a asusu. Asusun bai taɓa yin kauri ba, takardun cikewa kuma sun ƙaru, har musayar iri ta fi wuya yanzu fiye da zamanin da Sears ke ƙulla ambulan.

Haɗin kan yana da nasa aibin, kada wani ya ɓoye maka. In duniya duka tana shan ruwa a rijiya guda, ranar da ta gurɓace kowa ya sha. Akwai wani gutsuren kuromosom na hatsin rai da Jamusawa suka shigar cikin alkama, ya bi ta irin Rasha mai suna Kavkaz ya shiga layukan CIMMYT, ya bazu a miliyoyin kadada, yana ɗauke da Sr31 mai kare tsatsar kara. Shekaru kusan talatin ana barci a kansa. A 1998 aka ga tsatsar da ta karya shi a Uganda, aka sa mata Ug99. Ta shiga Kenya a 2001, Habasha a 2003, Sudan da Yaman a 2006, Iran a 2007. A 2010 kuma tsatsa mai ruwan ɗorawa ta yi wa Kubsa mummunar ɓarna a Habasha, ita da take 'yar'uwar Imam ɗinmu. Maganin da aka samu bai wuce tsohuwar hanya ba: tun 2005 ƙasashe ke aika dubban layukansu zuwa Njoro ta Kenya, inda cutar take, a gwada su kafin ta iso musu gida.

Zancen karanta dukan gadon alkama ba zan ja shi ba, don har yanzu bai canja abin da ke cikin buhun Baba sosai ba. An gama na shinkafa a 2005, na dawa da masara a 2009. Na alkama, wanda ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, sai a 2018, bayan shekara 13, da masana fiye da 200 daga cibiyoyi 73 a ƙasashe 20. Chinese Spring ɗin Sears suka karanta. Amfaninsa na kusa shi ne yanzu ana iya gwada ganyen tsiro ɗan mako biyu a san ko ya gaji abin da ake nema, ba sai an jira girbi ba.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne rumbun iri. An buɗe babban rumbun Svalbard a cikin dutsen ƙanƙara na Norwe a 2008, inda kowace ƙasa ke ajiye kwafin irinta, kuma ba mai buɗe akwatin sai wanda ya ajiye. Da yaƙi ya kori ICARDA daga Halab, a 2015 ta je ta ɗauko nata ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Muna jin labarin kamar na nesa, sai ga shi a Disambar 2023 yaƙi ya iso Wad Madani, aka wawashe firinjojin rumbun irinmu na ƙasa, aka watsar da ƙunshin dawa da gero da riɗi da aka yi shekaru ana tarawa daga ƙauyuka. Abin da ya rage mana shi ne kwafin da aka riga aka kai Svalbard, da wanda ma'aikata suka tsinto suka fitar ta Bur Sudan aka ajiye can a Fabrairun 2025. Wanda ya ce haɗin kan nan na Turawa ne kawai, ya dubi wannan.

Sai maganar Baba. Alkama kanta take yi wa barbara, furenta a rufe yake, saboda haka Imam da ka girba bana, in ka shuka baɗi Imam ce za ta fito. Ba kamfanin da ke da iko a kanta, Buhus ce ta gwada ta, kwamitin ƙasa ya sake ta. Wanda dole a saya duk shekara shi ne iri mai aure irin Hajin Dura 1, don jikokinsa rarrabuwa suke yi, wani dogo wani gajere, amfani ya faɗi. Wannan halin gado ne, ba makirci ba, kuma mai son ajiye irin dawarsa yana da Tabat da Wad Ahmad. Igiyar gaske tana wajen yuriya da gas da bashin banki da tur'a, wato magudanar ruwan gona, da ta cike da laka, tana kuma wajen cewa kuɗin bincikenmu mafi yawansa daga waje yake zuwa, in mai bayarwa ya juya baya aiki ya tsaya. Shi ya sa, duk da nagartar irinmu, har yanzu mafi yawan alkamar da muke ci a jirgin ruwa take zuwa.

In Baba zai ajiye irinsa, ya ware wani yanki na hawasha tun farko, ya bi shi bayan fitar zangarniya ya tuge duk wadda ta fi sauran tsawo ko ta bambanta, ya tuge ciyawa kafin ta zuba 'ya'ya. Kada ya ɗebi iri daga buhunan farko da injin girbi ya zubo, don cikinsu akwai ragowar gonar da injin ya baro. Ya shanya shi ya bushe sarai, ya ajiye nesa da danshi da ƙwari, ya gwada ƙwaya ɗari a jiƙaƙƙen buhu kafin shuka ya ga nawa suka tsiro. Bayan shekara uku ko huɗu ya sabunta da iri mai shaida. Ya kuma yi ƙoƙari ruwan farko ya shiga gona tsakanin tsakiyar Nuwamba da ƙarshensa, domin wanda ya kai tsakiyar Disamba bai shuka ba, zafin Fabrairu zai riski ƙwayarsa tana madara, ko wane iri ya saya.